Abin da Na Faɗa wa Likita

Ya Dogo, sanyin idona, itacen da na fake a inuwarsa shekara ashirin da takwas ban san zafin rana ba. Ya ruwan farkon damina da ya sauka a kan busasshiyar ƙasa ta wayi gari da tsiro. Ya uban 'ya'yana, abokin sirrina, mijina. Ina gaishe ka da gaisuwar macen da taku goma sha biyu kaɗai ke tsakaninta da kai, amma aka hana ta ganin fuskarka.

Yau kwana uku ke nan ina zaune a kan bencin ƙarfen nan, a barandar ɗakin masu ciwon zuciya, tun da ka ce wa nas-nas kada su ƙara barin matarka ta shigo, saboda magana ɗaya da na faɗa wa likita. Kowa yana shiga. Babban ɗanmu ya shiga, Auta ta shiga, har abokinka Mai Fenti ya shiga da hularsa a hannu ya fito yana share ido. Ni kaɗai, ni da na san ranar da furfura ta fara fito maka a gemu, ni ce aka tsayar a ƙofa. Idan an buɗe ƙofar za a tura keken magani, nakan hango ƙafafunka biyu sun zarce ƙarshen gado, don ba a ƙera gadon asibiti da tsawon mutum irinka ba, sai ƙofar ta koma ta rufe. Da wannan nake rayuwa yanzu, da ganin tafin ƙafarka sau biyar ko shida a yini. Takardun nan daga littafin da nake shirya darasin yaran ajina na yago su. Wata nas mai wushirya ta ji tausayina, ta ce idan na gama za ta ajiye maka a gefen matashi.

Ka tuna ranar da muka tare a gidan benen nan? Ina da cikin ɗanmu wata takwas, ƙafafuna sun kumbura, rana ta take. Na tsaya a gindin matakala na ɗaga kai na ce ni kam a nan ƙasa zan zauna har in haihu. Sai ka ajiye akwatin da ke hannunka ka ɗauke ni cak. Matakala arba'in da biyu, hawa uku, maƙwabtan da ba su san mu ba suna leƙowa suna dariya. Kunnena yana kan ƙirjinka, ina jin zuciyarka tana bugawa a natse, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kake sauke guduma a kan ƙusa idan ba ka sauri. Da muka kai sama ko haki ba ka yi. Ka laluba aljihu ka ce ka manta makulli a ƙasa, ko mu koma tare? Na yi dariya har yaron ya motsa. A ranar na ce a raina, wannan mutumin dutse ne, sama za ta iya zubowa in dai yana tsaye babu abin da zai same ni.

Wannan matakalar ce ta fara gaya mini gaskiya, shekara uku da suka wuce, ni kuma na toshe kunne. Ka fara tsayawa a hawa na biyu, wurin 'yar tagar nan. Idan na juyo sai ka ce katakon tagar kake dubawa, gara ta fara cin sa. Kullum sai ka duba tagar nan, Dogo, kullum, da hannunka na dama dafe da ƙirjinka. Wace irin gara ce ake duba ta safe da yamma ba a taɓa kashe ta ba? Da na matsa maka sai ka ce wani nauyi ne ke danne ka a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora maka buhun siminti, amma da ka huta minti biyu yake tafiya. Ka ce ƙwannafi ne. Ka riƙa shigowa da kwalaben farin maganin nan kana kwankwaɗa, ni kuma ina wanke kwalaben ina zuba barkono a ciki, har ina murna na sami mazubi.

Sai muƙamuƙinka na hagu ya fara ciwo duk lokacin da ka daɗe kana jan zarto. Ka je wurin mai duba haƙori, ya gaya maka haƙoranka lafiya suke, ka ce kai ka san bakinka, ka tsaya kai da fata sai da aka cire maka turmi guda. Ka dawo da auduga a baki kana nuna mini haƙorin a cikin takarda, fari tas, ba ko tabo. Ciwon bai tafi ba. Ƙafafunka suka fara kumbura da yamma, ka kai takalmanka biyu wurin mai gyara ka ce ya buɗa su, fatar zamani ce ba ta da kyau. Matashin kanka ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama uku, ka ce katifar ce ta lotsa. Kai da ba ka san barcin rana ba, ka koma kana gyangyaɗi a kujera da cokali a hannu. Kowace alama ta zo maka da fuskarta a buɗe, kai kuma ka ɗinka mata wata riga ka sa mata, ni kuma na tsaya ina cewa rigar ta yi kyau.

Ba kai kaɗai nake tuhuma ba, hasken gidana. Ni ce mai tukunya. Shekara biyar ke nan da aka ce kana da hawan jini, sukarinka ma ya kai bakin gaɓa, aka ce a rage gishiri da mai. Na rage na mako biyu. Ka ture kwano ka ce ko itace ake tafasa maka a gidan nan, na ji kunya, na mayar da hannuna yadda yake. Ni nake zuba maka sukari cokali huɗu a shayi. Ni nake soya maka nama mai kitse ranar hutu don in ga yadda kake lumshe ido. Da tumbinka ya fito na riƙa shafa shi ina cewa shi ne shaidata a wurin danginka, kowa ya gani ya san ina kula da ɗansu. Tabar da ka rantse ka bari tun haihuwar Auta, ina jin warinta a wuyan rigarka a ƙarƙashin ƙamshin katako, sai in yi kamar hancina ya toshe don kada mu yi faɗa. Idan na ce a je a gwada ka, sai ka naɗe hannun riga ka nuna mini damtse, ka ce wannan ciwon masu zaman ofis ne, ba ya kama mai ɗaukar ƙofa a kafaɗa. Na yarda don ina so in yarda.

Alhali mun san gidan da ka fito. Baba ya faɗi a bakin kasuwa yana da shekara hamsin da huɗu, yana cikin magana. Yayanka ya sunkuya zai sa takalmi da safe bai ɗago ba, yana da hamsin da ɗaya, ya bar yara shida. Duk sau biyun mun ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, kwana na hannun Mai kwana. Amma Wanda Ya yanke kwanakin, ba Shi ne Ya halicci ciwo don ya zo ya buga ƙofa kafin rushewa ba? Ranar da ka cika hamsin da biyu ka ce mini ka wuce Yaya, saura Baba. Ka faɗe shi da dariya. Na shiga ɗakin girki na buɗe famfo don kada ka ji ni.

Yanzu zan zo kan abin da ya raba mu, kuma zan rubuta shi a fili, don shirun da muka yi a kansa ne ya kawo mu nan. Shekara biyu ke nan ka daina nemana. Ba faɗa muka yi ba. Ka dai fara juya mini baya, ka ce gajiya, ka ce bayanka, daga baya ka daina cewa komai. Ka san abin da na ɗauka? Na ɗauka ni ce. Na tsaya gaban madubi na ƙirga abin da shekaru da haihuwa suka yi mini, na ce ai dole, wa zai so furen da ya riga ya yi yaushi? Na rina gashina. Na riƙa barin abincin rana har jiri ya ɗebe ni a gaban allo, yara suka yi ta ihu. Na sayi turaren da ya fi ƙarfin albashin malamar firamare, ka shigo ka yi atishawa ka tambaya ko maganin sauro aka fesa. Ban taɓa tambayarka ba, don ina tsoron amsar. Kai ma ba ka taɓa gaya mini ba. Mun kwanta gado ɗaya kwana ɗari bakwai da wani abu, kowa rungume da nasa baƙin cikin, kamar bishiyoyi biyu a gaɓar kogi da ruwa ke cin saiwarsu a ɓoye, kowace tana zaton ita kaɗai ke karkata.

Sai ranar Talatar makon jiya. Mai Fenti ya ba ni labarin duka, kada ka ga laifinsa, ni na tsare shi. Wajen ƙarfe goma na safe kuna hawa da ƙofa zuwa bene na biyu a gidan wani mai ba ku aiki, ka ce a ajiye. Ka zauna a kan matakala, gumi mai sanyi ya jiƙa maka riga, fuskarka ta yi toka-toka, ka yi amai a cikin bokitin fentinsa. Ka ce hannunka na hagu ya mutu, nauyin ƙirjin kuma wannan karon ya ƙi tafiya. Ya roƙe ka ku tafi asibiti, har ya tsayar da mota. Ka sallami motar. Ka ce ba ka taɓa barin gidan mutum babu ƙofa ba, ka aike shi ya sayo maka maganin ƙwannafi. Awa uku, Dogo! Awa uku kana ɗaure ƙusa da hannu ɗaya kana jingina da bango. Da ka gama ka buɗe ƙofar ka rufe sau biyu don ka ji ko tana ƙara, sannan ka zube a gabanta.

Ina koya wa yara lissafin rabawa aka kira ni. Ban san yadda na zo nan ba, na dai tarar da alli a hannuna a bakin ɗakin gaggawa. Suka zura maka siririn bututu ta wuyan hannu suka buɗe jijiyar da ta toshe. Likita ya ce mini ka tsira da ƙyar, amma a cikin awa ukun nan naman zuciyarka yana ta mutuwa kaɗan-kaɗan don jini bai isa gare shi ba, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. An ce ƙofar tana nan, ta zauna daidai, matar gidan har yabawa take yi.

Ranar Litinin da safe babban likita ya zo zagaye da ɗalibansa huɗu, biyu mata. Ina zaune a gefenka ina ɓare maka lemo. Ya fara tambaya, kai kana amsawa kamar mai gaisuwa a hanya. Ciwon ƙirji kafin wannan? Ba sosai ba. Haki? Irin na kowa. Taba? An daɗe da bari. Maganin hawan jini? Kullum. Ina ji ina ci gaba da ɓare lemon. Sai ya rage murya ya tambaya ko akwai wani rauni a wajen iyali. Ka ce babu matsala. Na dubi igiyoyin da aka liƙa maka a ƙirji, na dubi alƙalaminsa zai rubuta ƙarya ta biyar, bakina ya buɗe da kansa.

"Likita, shekara biyu ke nan," na ce.

Likitan bai ɗago ya dube ka ba, Allah Ya saka masa. Ya yi bayani a hankali cewa jijiyoyin jinin da ke can sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka idan kitse ya fara taruwa a jijiyoyi su ne kan fara nunawa, sau da yawa shekara biyu ko uku kafin zuciya ta buga. Ya ce maza da yawa da sun zo da wannan kukan tun farko, da ba a kawo su a kwance ba. Ni a lokacin wani abu ne ya saki a ƙirjina, ba zan ɓoye maka ba. Ashe ba ni ba ce. Ashe ba ka gaji da ni ba. Na juyo in kama hannunka, na ga fuskarka, na san na yi ɓarna. Da suka fita ka janye hannun.

"Kin gama tona ni? To, fita."

Iyakar abin da ka ce ke nan, kuma shi ne maganarka ta ƙarshe da na ji.

Na san abin da na yi. Na tuɓe ka a gaban yaran da ba su kai Auta ba, a ranar da ba ka da ƙarfin ko zama. Kamata ya yi in bi likitan waje in gaya masa a gefe. Wannan kuskurena ne, kuma ina roƙonka gafara da gwiwa biyu a ƙasa. Amma ba zan ce na yi nadamar faɗar gaskiyar ba. Idan aka ce in zaɓa tsakanin mijin da ke fushi da ni yana numfashi da mijin da na rufa wa asiri na kai shi kabari da asirinsa, wallahi fushinka nake so. Ka yi ta fushi shekara talatin. Ka yi fushi har ka tsufa, ka zauna a ƙofar gida kana harara ta da sanda a hannu. Zan karɓa.

Washegari Mai Fenti ya raka ni shagonka in ɗauko wayarka. Komai yana inda ka bar shi, gadon jaririn da ka fara ƙera wa jikar da muke jira yana jingine ba ƙafa ɗaya, fensirinka a kan teburi, ƙamshinka ya cika wurin. Na buɗe akwatin kayan aikinka, na ɗaga farantin ƙusoshi. A ƙarƙashi na ga kwalayen maganin hawan jini jere reras, an ɗaure su da roba, ba a ɓalle ko ƙwaya ɗaya ba. Na ƙirga, goma sha takwas. A gefensu kuma ƙananan kwalabe da ƙulle-ƙulle marasa suna, irin waɗanda ake sayarwa a bakin titi da sunan ƙarfin maza.

Abokinka ya gaya mini sauran yana kallon ƙasa. Wai wani ne a wurin mai shayi ya ce ƙwayar hawan jini ita ke kashe namiji, ka ji, ka ajiye ta tun daga ranar. Duk wata kana zuwa ka karɓo don in ga ledar a hannunka, ka kawo shago ka ɓoye. Ya ce ya yi maka faɗa, ka ce masa ba za ka zauna kana kallon Malama tana ramewa a kanka ba, ko ta wace hanya sai ka koma mata. Na zauna a cikin garin katako da kayan makarantata na yi kukan da ban yi ba ranar da ka faɗi. Ashe ka ga ramar. Ashe ka ga gashin da na rina. Ni ina can ina azabtar da kaina don in dawo da kai, kai kana nan kana kashe kanka don ka dawo gare ni, kuma bango ɗaya bai raba mu ba! Kalma nawa ce, Dogo? Da ɗayanmu ya juyo ya ce ina jin tsoro, ai da shi ke nan. Na tattara kwalayen da ƙulle-ƙullen a leda na kai wa likita gaba ɗaya. Ya ce da ka faɗa masa ƙwayar na damunka da ya canza maka wata, suna da iri-iri. Ya ce wasu daga cikin ƙulle-ƙullen nan babu wanda ya san abin da ke cikinsu, kuma ga mai zuciya irin taka suna iya zama ajali.

Yanzu ga inda muke, kuma ba zan sassauta maka ba, mun sassauta wa juna ya isa. Jijiyoyi biyu sun rage da suka kusa rufewa, kuma ba irin waɗanda bututu ke buɗewa ba ne. Sai an buɗe ƙirji an ɗauko jijiya daga ƙafarka an yi wa jinin sabuwar hanya. Ƙarfin zuciyarka bai kai rabin na da ba. Ba za ka ƙara ɗaukar ƙofa a kafaɗa ba, ko an yi aikin ko ba a yi ba. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce a cikin masu rauni irin naka akwai waɗanda ba sa farkawa daga tiyata. Ya kuma ce idan ba a yi ba, ba zai iya yi mini alkawarin za ka ga baɗi ba. Takardar yarda tana kan akwatin gefen gadonka kwana uku. Auta ta gaya mini cewa ka ɗora kofin ruwa a kan takardar, ka ce kai ba katako ba ne da za a sa maka zarto, a mayar da kai gida.

Akwai wata mata da muke raba bencin nan da ita tun ranar Litinin. Mijinta direban babbar mota ne, shi ne a gado na uku daga naka, shekararsa arba'in da shida. Muna musayar ruwa da labari. Ta ce shi ma ƙwannafi yake cewa, shi ma sai ya huta a hanya idan zai hau gada da ƙafa. Yau da hantsi aka kira ta ciki. Ta fito da baƙar leda, a ciki agogonsa da silifas ɗinsa da cajar waya. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna kusa da ni ta ɗora ledar a cinya, ta ce ba ta san wace mota ake shiga zuwa gida daga nan ba, kullum shi ke kawo ta. Na raka ta har bakin titi. Da na dawo na kasa zama a gefen da take zama.

Abu na ƙarshe kuma ba nawa ba ne, naka ne. Likita ya ce ciwon nan yana bin jini, a gwada 'ya'yanka maza tun yanzu. Jiya na sa ɗanmu ya naɗe hannun riga, nas ta gwada shi sau biyu, jininsa ya hau. Shekararsa ashirin da bakwai, matarsa na da ciki wata bakwai. Da ya miƙe, ashana da kwalin taba suka faɗo daga aljihunsa. Na ce ya je a rubuta masa magani. Ya dube ni da idanunka, da wannan taurin naka da nake so nake kuma tsoro, ya ce, "Mama, in Baba ma bai yarda da su ba, ni me zan yi da maganinsu?" Tun yana rarrafe yake kwaikwayon tafiyarka. Duk abin da ka yi da takardar nan, shi ma shi zai yi da tasa.

Na tsaya a nan ɗazu, yanzu na dawo, ka yi haƙuri da rubutun. Wajen la'asar na ji na'urarka tana ƙara, nas-nas suka wuce ni a guje, aka ja labule. Na tsaya a ƙofa ina jin yadda kake jan numfashi kamar mai nutsewa, ba wanda ya tuna ya kore ni, ni kuma ban iya ɗaga ƙafa na ƙetare maganarka ba. Minti arba'in. Likita ya fito ya ce ruwa ne ya taru maka a huhu don zuciyar ta gaza turawa, sun janye shi, amma ba za a iya jira ya wuce jibi ba, kuma kwana ukun da aka rasa sun ƙara wa aikin haɗari. Bayan shi nas mai wushirya ta fito da takardar a hannu, da zoben kofin ruwa a tsakiyarta, da sa hannunka a ƙasa a karkace. Ta ce da numfashinka ya dawo kai ka nemi alƙalami. Na tambaye ta ko ka ce in shigo. Ta girgiza kai. Ta ce abu ɗaya ka tambaya, wai ko matarka ta ci abinci.

Ban ci ba, Dogo. Ba kuma zan ci ba sai a gefen gadonka. Ba sai ka yi mini magana ba, ba sai ka dube ni ba. Ka juya fuskarka bango in kana so, ka bar mini hannu ɗaya kawai in riƙe har ƙofar da za su ce in tsaya. Ban san abin da jibi zai ba mu ba, kuma na daina yi wa kaina ƙarya. Idan ka fito, zan karɓe ka da tabon ƙirjinka da rauninka da duk abin da ka rasa, don ba damtsenka na aura ba, kuma babu abin da ke cikin gadonmu da ya kai jin numfashinka a bayana. Idan kuma Allah Ya yi nasa ikon, to ka tafi da sanin cewa ba a taɓa raina ka a zuciyar nan ba ko na ƙiftawar ido, kuma babu wani namiji da zai ƙara jin sirrina har a kwantar da ni.

Ka aiko a kira ni. Ina nan bakin ƙofa.

Taka a lafiya da ciwo, taka a fushi da yarda, taka yau da jibi da abin da ke bayan jibi,

Gajeriyarka.